Kwana huɗu a bakin kurmin Ngel Nyaki

A fadamun Haɗejiya da Nguru na koyi kallon tsuntsaye, kuma can ba a wahalar nema. Ka tsaya a gaɓar ruwa a Baturiya ko Dagona da sanyin safiya, ka ɗaga madubin hangen nesa, ga kirinjijiya garke-garke, ga dinya, ga zalɓe tsaye kamar an dasa shi, ga baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna kiwo a cikin taɓo. Naka kawai ƙirga da rubutu. Na shekara shida a haka, har ya zauna mini a rai cewa duk tsuntsun da ke wuri, in dai ka buɗe ido, za ka gan shi. Da wannan sabon na hau dutsen Mambila, inda kurmin Ngel Nyaki yake, a watan Disamba, ni da ƙanina da ke karatun ilimin halittu a jami'a.

Abin da ya kai mu shi ne aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos take jagoranta tun 2015. Tsarin ba shi da wuya. An yanka ƙasar gida-gida a kan taswira, kowane gida kusan kilomita 9 ne a tsawo da faɗi. Za ka shiga gida ɗaya, ka yi aƙalla awa 2 kana nema da gaske, ka rubuta a kati duk irin tsuntsun da ka gani ko ka ji, bi da bi yadda suka zo maka. Kana da kwana 5 kafin ka rufe katin ka tura. Yawancinmu da manhajar BirdLasser muke yi, saboda tana ɗaukar wurin da kake tsaye ko da babu sabis. Na cika katuna da yawa a Jigawa da Yobe, amma ban taɓa cika na kurmin dutse ba. Tsuntsaye biyu na ƙudura a raina. Na farko wani marai ne, irin masu saƙa sheƙar nan da wasu ke kira gado, wanda aka sa wa sunan Bannerman a 1932, kuma duk duniya babu shi sai a tsaunukan kan iyakarmu da Kamaru. Na biyu tsuntsun ƙasa ne mai yawan ɓuya, a littafi yana ɗauke da sunan Crossley. Mu dai tun a mota muka raɗa masa "mai jan wuya", don haka hotonsa ya nuna.

Ngel Nyaki ba wurin da mutum zai ɗauki jaka ya faɗa ba ne. Gandun daji ne da aka keɓe tun 1969, yana ƙarƙashin gwamnatin Taraba, kuma a bakinsa akwai tashar masu binciken kurmin tsaunuka, wadda Farfesa Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a Niyu Zilan ta assasa. Mahaifinta ma'aikacin gandun daji ne da ya taka waɗannan kurame da ƙafa a shekarun 1970, ya rubuta itatuwan da ke cikinsu. Saura wata guda mu tashi na rubuta musu, na faɗi mu nawa ne, kwana nawa za mu yi, da abin da zai kawo mu, na kuma ce za mu zo da tantinmu da abincinmu. Suka amsa, suka ce za a haɗa mu da wanda ya san kurmin.

A kayan da muka ɗaura, madubin ne kawai na tsaya a kansa. Nawa mai lamba 8 da 42 ne, wato yana kusanto da abu sau 8, gilashin gabansa kuma faɗinsa milimita 42. A fadama lambar farko ake kallo. A kurmi ta biyun ce ke ceton mutum, domin ita ke tara haske, kuma ƙarƙashin manyan itatuwa ko da tsakar rana kamar almuru ake ciki. Sauran kayan sanannu ne: littafin tsuntsaye, ɗan littafin rubutu da fensir (biro ba ya rubutu a takardar da ta sha raɓa), barguna huɗu, rigunan sanyi, tocila, fawa-banki biyu, buta, tukunya, shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da dabino. Fararen kaya duk muka bar su a gida.

Mun bi ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo. Washegari muka kama hanyar Garba Chede da Bali har Serti, inda hedikwatar gandun Gashaka-Gumti take, wanda ya fi kowane gandun ƙasa girma a Najeriya. Zafi ne har can. Daga Mayo Selbe labari ya canza. Hanya ta fara naɗe dutse kamar rawani, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, direba ya kashe rediyo ba tare da kowa ya ce masa ba. Kunnuwana suka toshe suka buɗe. Matar da ke bayanmu ta ciro zane ta lulluɓe ɗanta, mu ma muka ja gilashi. Da muka fito sama sai ga wata ƙasa daban: tuddai masu laushi sun jeru har iya ganinka, ciyawa ta fara ja, shanu fari da ja a warwatse, da layukan bishiyar turare, wadda mutanen can ke kira zaiti. Tsofaffin motocin Land Rover suna ta wucewa da lodi ya fi su tsawo. Muka wuce Maisamari, aka sauke mu a ƙauyen Yelwa da la'asar sakaliya.

Wanda aka haɗa mu da shi dattijo ne siriri, da takalmin roba da adda a hannu. Hausarsa tana da ƙamshin Fulatanci. Ban ce masa komai ba sai Baba, shi kuma Malam yake ce mini, ƙanina kuwa "yaro na". Kafin komai ya kai mu muka gaida Jauro, muka ajiye ɗan goronmu, muka faɗi abin da ke tafe da mu, aka yi mana addu'a. Daga nan aka ɗora kaya a babur, mu muka bi da ƙafa, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba, cikin ciyawa zalla. Ina ta waige-waige ina neman kurmin da na yi tafiyar kwana biyu dominsa, ban ga ko alamarsa ba. Sai da muka kai gaɓar tudu, ƙasa ta karye a gabanmu, sannan na gan shi a ƙarƙashin ƙafafuna, baƙi-ƙirin don tsabar kore, ya cika kwarin ya gangara yamma, hazo na kwance a kansa. Gandun duka murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin kurmin bai wuce kusan 7 ba, yana tsakanin mita 1,400 da 1,600 sama da teku. Baba ya ce "nyaki" a Fulatanci ƙudan zuma ne.

Ni na so mu kafa tanti a wani ɗan kwari mai laushin ciyawa. Baba ya girgiza kai.

"Malam, sanyi kamar ruwa yake, kwari yake bi ya kwanta. In ka kwana nan, da asuba bargonka a jiƙe zai tashi."

Ya kai mu wani dandali kusa da tashar, ya sa muka juya ƙofar tantin ta ba iska baya, muka danne igiyoyin da duwatsu. Ya nuna mana inda aka yarda a hura wuta, wurin da aka share ciyawa kewaye da shi, ya ce ko tsinken ashana kada mu yar a wani wuri, domin a wannan watan ciyawa jira kawai take yi. Muka ɗebo ruwa, muka dafa taliya, muka sha shayin Kakara da muka saya a Maisamari, wanda a kan dutsen nan ake nomansa. Dare ya yi, taurari suka sauko kusa. Yautai ya yi ta kuka a gefen ciyawa, daga can cikin kwari kuma mujiya tana amsa wa 'yar'uwarta. Sanyin ya ratsa barguna biyu-biyu. Da asuba sai da na ɗora buta a wuta kafin na iya alwala.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na buɗe kati muka gangara. Taku ashirin cikin kurmi haske ya ragu, ƙasa ta yi laushi, warin ruɓaɓɓen ganye ya cika hanci. Kuka kuwa ta ko'ina, sama da ƙasa, kusa da nesa, wani na fito, wani na gurnani, wani kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Duk inda sauti ya fito sai in kai madubi, in tarar da ganye. In juya wani wajen, ganye. Wani abu zai gifta, kafin in daidaita gilashi reshe kawai ya rage yana rawa. Wuyana ya ƙage don kallon sama. Da awa biyun suka cika na duba waya, iri tara ke cikin katin, kuma shida daga ciki tun a ciyawar waje na same su, su hankaka, shirwa, balbela da tsattsewa. A Dagona da yanzu na haura arba'in. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina jin su, na san suna nan, amma ilimin da na tara shekara shida bai buɗe mini ko ƙofa ɗaya ba.

Baba ya bar ni har na gaji, sannan ya nuna wani gungume da ya faɗi.

"Zauna, Malam. Sauke madubin nan tukuna. A nan kunne ne gaba, ido na biye da shi."

Mun tashi da jin cewa gani ya kori ji. A kan wannan gungumen aka koya mini cewa akwai wurin da sai ji ya yi maka jagora kafin gani ya samu abin kora. Ya ce in rufe ido, in zaɓi murya ɗaya cikin hayaniyar, in bar sauran. In na riƙe ta, in nuna ta da yatsa. Sannan in faɗa masa, a ƙasa take, ko a tsakiyar itace, ko can ƙololuwa? Tana tafiya ko tana wuri ɗaya? Sai bayan haka zan buɗe ido in kafa shi a wurin, ba tsuntsu zan nema ba, motsi zan jira. In ganye ya motsa ba tare da iska ba, kada in ɗauke ido in dubi madubi, madubin zan ɗago ya tarar da idona a inda yake. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya, domin hannu ya saba da akasin haka.

Muryar da na zaɓa fito ne mai ƙarfi, bayansa wani ɗan ƙaraji kamar an yaga ƙyalle. Na nuna. Baba ya ce, "Nawa ne?" Na ce ɗaya. Ya ce in sake saurare. Sai a karo na huɗu na gane fiton daga dama yake, ƙarajin daga hagu, tsakaninsu taku biyar. Miji da mata ne, shi ya fara ita ta ƙarasa, ba tazarar da kunne zai kama sai an nuna masa. Muka jira. Can ganye ya motsa a cikin sarƙaƙiya, na ɗago madubi yadda aka ce, sai ga shi ya cika gilashin: baya baƙi wuluk, ƙirji da ciki rawaya kamar an zuba kwaiduwa. Dangin suda ne, irin na tsaunukan nan kaɗai. Na daɗe ban ji daɗin tsuntsu kamar wannan ba, don shi ne na farko da na samu ta hanyar kunnena.

Daga nan kurmin ya fara rarrabewa. Wanda ke buga "tonk, tonk, tonk" ya huta ya sake, kamar maƙeri a nesa, ashe da kaɗan ya fi babban yatsa. Wata 'yar ƙarama mai farin ciki da baƙin zobe a ƙirji da ja-ja a haƙarƙari tana yawo a sarƙaƙiya da jela a ɗage. Sha-zumami mai koren kai mai ƙyalli da jan ɗamara a ƙirji yana bin furanni a bakin kurmi, ba ya minti ɗaya a wuri. Duk wanda muka samu, sai Baba ya sa in maimaita kukansa da bakina, in rubuta shi a littafi yadda kunnena ya ji, da haruffan Hausa. Ya ce, "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In ka riƙe kukan, ka san gidan." Ƙanina ya fi ni saurin kamawa, kuma na ji daɗin haka.

Rana ta biyu ba mu yi yawo ba. Baba ya san wani ɓaure da ya nuna a gefen wani rafi, ya kai mu tun duhu bai gama washewa ba, muka zauna a inda muke ganin saman itacen daga kan gangare, ba sai mun karya wuya ba. Wannan dabara ce da ya kamata duk mai zuwa kurmin dutse ya sani: gangare yana ɗaga ka ka yi daidai da rassan itacen da ke ƙasa da kai. Farkon zuwa wasu kurciyoyi ne manya masu duhun jiki, suka sauka shiru. Sai wani gurnani ya taso daga kwari, "kwak, kwak, kwak", ɗaya ya fara sauran suka ɗauka har kurmin ya amsa. Suka iso su uku, dangin kulkulu ne amma kore shar, da tukku a ka, da jan zobe a ido. Ba tashi suke yi a cikin itace ba, gudu suke a kan reshe kamar kurege. Da ɗaya ya buɗe fiffike zai tsallaka, sai ja ya bayyana, ja irin na garwashi, ya rufe ya ɓace cikin kore. Ƙanina ya raɗa mini cewa launin nan akwai sinadarin tagulla a cikinsa, kuma a wannan dangin kaɗai ake samunsa. Na taɓa karanta haka, amma ban san abin da ake nufi ba sai da ya wuce ta gabana.

Wajen ƙarfe takwas birai masu farin hanci suka zo, rassa suka yi ta karyewa, tsuntsaye suka ja gefe. Babban namijin ya hango mu ya yi wata tsawa, sauran suka nutsu, da ya ga ba mu motsa ba aka ci gaba da ci. Abin da suke zubarwa ya fi abin da suke haɗiyewa. Baba, wanda ya yi shekaru yana taya masu bincike aiki, ya ce wannan cin da muke kallo shi ne shukar kurmin. Tsuntsu ko biri ya haɗiye ɗan itace a nan, ya je ya kasayar da ƙwallon a can, in Allah ya sa ya faɗi inda wuta ba ta kai ba, bayan shekara talatin ga itace. A hanyar komawa ya tsaya ya nuna mana wani tarin rassa da aka lanƙwasa aka saƙa can sama, ganyen ya bushe. Shimfiɗar cimpanzi ce, birin nan mai kama da mutum, wanda kullum dare sabuwa yake yi. Kaɗan ne suka rage a kurmin, kuma irinsu, na Najeriya da Kamaru, shi ne mafi ƙaranci a cikin ire-iren cimpanzi. Ba mu gan su ba, ban kuma sa rai ba.

Marai ɗin Bannerman bai wahalar da mu ba, abin da ban zata ba. Ba tsuntsun cikin duhu ba ne, a bakin kurmi yake zama, inda itatuwa suka gajarce suka haɗu da ciyawa, musamman gefen ƙananan rafuka. Da yammacin ranar muna zaune a irin wannan wurin sai biyu suka fito suna bin reshe suna leƙa ƙarƙashin ganye. Na danne zumuɗi na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, domin akwai wani marai a tsaunukan da ke kama da shi. Baya kore-kore. Kai da ciki rawaya. Baki baƙi. Ido fari-fari. Sai abin da ke raba gardama: baƙin fuskar ya sauko har ƙarƙashin haɓa, bai tsaya a kunci ba. Duka biyun iri ɗaya ne, domin a wannan irin mace da namiji ba su da bambanci, saɓanin maran da muka sani a gida. Na ce wa ƙanina ya faɗa mini abin da yake gani ba tare da ya ji nawa ba. Bakinmu ya zo ɗaya. Sannan na danna shi cikin kati, na yi hamdala.

Washegari da azahar hayaƙi ya turnuƙe tuddan gabas. Makiyaya ne ke ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro wa shanu, haka ake yi duk rani. Shirwa suka taru a kan hayaƙin suna cafke fara. Ina kallon wutar tana cin tudu tana gangarowa, hankalina na kan ɗan rafin jiya, don abin da wuta ke fara lasa shi ne bakin kurmi, gidan marai ɗin ke nan. Ba zan zagi makiyayi ba. Da safiyar ranar wata baiwar Allah daga rugar da ke kusa ta kawo mana kindirmo, kuma na san saniya ba ta cin busasshen kara ta ba da nono. Amma na ga abin da ke yiwuwa da idona. Akwai wuraren da masu bincike suka kewaye da waya, suka share hanyar tare wuta a gefensu, suka dasa 'yan itatuwa. A waje ciyawa gajera ce, ƙasa duk sawun kofato. A ciki ta kai ƙugu, kuma ƙarƙashin kowane itacen da tsuntsaye ke sauka, 'ya'yan kurmi sun tsiro da kansu. Waɗanda ke share hanyar wutar da masu gadin wayar duk 'yan ƙauyukan nan ne, kuma a ganina abin da ya sa shingen yake tsaye ke nan. Wutar ranar ta mutu a bakin hanyar da aka share.

Saura mai jan wuya. A safiyar rana ta uku, muna cikin wani kwari mai danshi, wata murya ta tashi daga ƙasa-ƙasa, fito mai zaƙi, a hankali, jimla-jimla, kamar mai karatu da tartili. Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "Shi ne." Na sa abin kunne na saurari kukan da na sauke a waya tun a gida. Sun yi kama sosai. Sai dai na san a kurmi akwai tsuntsayen da ke kwaikwayon kukan wasu, kuma akwai ɗan'uwansa na gari da muryarsa ba ta da nisa da wannan. Na ce wa Baba bari in kunna kukan a fili, in shi ne zai fito.

"Zai fito, Malam. Zai ɗauka wani namiji ne ya shigo masa gida. Ya bar kiwo, ya zo faɗa, ya yi ta nema bai ga kowa ba. Kai ka tafi da hotonka, shi ya wuni cikin tashin hankali. In kowane baƙo ya yi masa haka fa?"

Na mayar da wayar aljihu. Maimakon haka na ɗauki muryar, daƙiƙa arba'in, ina riƙe da numfashi.

Rana ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe, muka koma kwarin da tocila, muka zauna tun kafin a iya bambanta ganye da ƙasa. Sanyi ya kama mini yatsu har ban jin madubin a hannuna. Kusan awa ɗaya ba abin da ya faru. Can sai na ji ana watsa busasshen ganye, kaɗan-kaɗan, a tsaya, a sake. Na kafa ido. Wani abu ya yi tsalle biyu a tsakanin saiwoyi, na ɗago madubi, na ga baya mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen fari a fiffike, sai ya shige bayan gungume. Bai fi ƙiftawa biyu ba. Ƙanina, da ke zaune ɗan gaba, ya ce ya ga ƙirjin, ja ne kamar lemo. Ni ban ga ƙirji ba, ban ga fuska ba. Muka ƙara awa ɗaya, bai sake fitowa ba.

Muna naɗe tanti muka yi ta ja-in-ja.

"Yaya, ka sa shi mana. Baba ya ji shi, ni na ga ƙirjin, kai ka ga fiffiken. Me ya rage? Ai doka ta yarda da ji."

Gaskiyarsa, doka ta yarda, in mai katin ya tabbata. Ban kuma yi shakkar kunnen Baba ba, mutumin da ya raba mini tsuntsu biyu a inda nake jin ɗaya. Amma katin da sunana zai tafi, kuma in masu tantancewa suka tambaye ni me na gani, abin da zan iya faɗa da gaskiya shi ne baya da ɗigon fari. Wani zai zo bayan shekara goma ya ɗora bincikensa a kan wannan layin, yana zaton na tabbata. Na ce wa ƙanina ya buɗe nasa katin ya sa, tunda shi ya ga abin da ya gamsar da shi. Ni na rubuta komai a littafina, rana da lokaci da wuri da abin da kowannenmu ya gani, na bar layin babu komai. Bai ji daɗi ba, har Yelwa bai cika magana ba.

Baba ya raka mu bakin titi. Na ba shi haƙƙinsa, na ƙara masa da tocilata da ya yaba. Na tambaye shi yaushe ya fi kyau in dawo.

"Farkon damina, Malam, wajen Afrilu. Lokacin kowa na kuka, har masu kunya. Amma ka zo da takalmin roba da leda babba, ruwan nan ba ya sallama."

Mun gangara dutsen da rana tsaka, muna cire rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya. A Serti, inda direba ya tsaya cin abinci, na samu sabis mai ƙarfi. Na sake bin katin daga sama har ƙasa, iri 58, na cire wata tsattsewa da na ga ban tabbatar da irinta ba, suka koma 57, na tura. Sannan na aika muryar nan ta daƙiƙa arba'in ga wani masani a Jos, na rubuta masa inda na ɗauke ta da ƙarfe nawa, ban faɗa masa abin da nake zato ba.